Duron da Baba Makulli Bai Samo Ba

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Wanda rai ke hannunSa, Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Sashen Gyaran Injuna tana sanar da mambobinta, da iyalansu, da jama'a baki ɗaya, cewa ta sami labarin rasuwar dattijonta, uban tafiyarta, kuma amintaccen mai kula da siton sashen na tsawon shekara ashirin da biyu, mai girma Saje mai ritaya, wanda manya da ƙanana suka sani da Baba Makulli. Allah Ya karɓi abinSa da hantsin ranar Talata, a ɗakin masu ciwon ƙoda na asibitin tsofaffin sojoji, uwargidansa tana riƙe da hannunsa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Duk wanda ya ci zamani a garejin barikinmu, in ya rufe ido yau zai ga siton nan kamar a mafarki: dogon ɗaki mai rufin kwano, hasken azahar yana saukowa ta hudojin ƙusa zare-zare, marigayin kuma yana zaune bayan 'yar tagarsa da tarin makullai a ƙugu, ana jin zuwansa tun kafin a gan shi. A ƙuryar ɗakin ake jera ruwan wanke inji, a cikin duro shuɗi mai ratsin rawaya. Wani irin ruwa ne garai-garai mai ƙamshi kamar alewa, wanda in ya zuba a ƙasa sai launuka su yi ta yawo a kansa. Muna tsoma hannu a ciki har gwiwa, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, babu kuma wanda ya taɓa ce mana kul. Kafin la'asar kai ya yi sakayau, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa, ƙatti su yi ta dariya ba dalili, maganar na kusa da kai tana zuwa kamar daga ƙetaren kogi. Mu a zatonmu daɗin ƙuruciya ne.

A lokacin, famfon gidajen bariki sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka duron da ya ƙare ya fi lambar girma daraja a wurin mai iyali. Marigayin ne ke rabawa, kuma sai ka yi masa ladabi kamar za ka nemi auren 'yarsa. Yakan wanke kowane duro sau uku da sabulu, ya kifa shi a rana kwana bakwai, ya sunsuna da kansa, sannan ya fara da wanda matarsa ta haihu. Bai taɓa karɓar ko da godiya mai tsawo ba. Haka duro arba'in da uku suka shiga gidajenmu, matanmu suka yi girki da ruwansu, suka yi wa jarirai wanka, muka sha muka yi hamdala.

Shekaru suka ja. Aka sallame mu, muka watsu, sai ciwo ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya: wannan hannunsa na rawa, wancan hanta, wancan ƙoda, har da matan da ba su taɓa taka gareji ba. Ranar da wata likita ta tambayi marigayin a ina iyalinsa ke ajiye ruwan sha a wancan zamani, ya ba ta amsa, ta ajiye alƙalami ta daɗe tana kallonsa, a ranar ne Baba Makulli ya tsufa. A taronmu na watan ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, da hannun nan na ba ku, da shi kuma zan karɓo." Muka ce ba laifinsa ba ne, waɗanda suka turo kayan ba su gaya wa kowa komai ba. Ya ce ya ji, amma su ba su san ƙofar gidajenmu ba, shi ya sani.

Shekara tara yana wannan aiki, da sanda, da ƙafa kumburarriya, ba takarda ba littafi, domin sunayen duka suna kansa. Yakan isa gida da sabon duron roba, ya yi sallama, ya zauna a kan tabarma har sai an yarda. Matar wani ɗan'uwanmu da ya rasu ta ce masa, "Haba Baba, shekara talatin muna sha, ga mu nan da ranmu." Ya dai ɗaga kai ya kalli hoton maigidanta a bango, sai ta tashi ta kwashe ruwan da kanta. Ya samo wanda aka mayar rumbun hatsi, ya samo wanda tsatsa ta cinye rabinsa a bayan gida, duka ya miƙa su ga masu aikin zubar da kayan guba. Arba'in da biyu suka dawo. Na ƙarshen, mai shi ya ce ya bai wa wani direba mai yara da yawa, wanda ya yi ƙaura ba a san inda ya nufa ba. Shekara uku marigayin yana bin tashoshin mota yana tambayar direban nan, har ciwo ya kwantar da shi.

Uwargidansa, mahaifiyarmu mai haƙuri, ta shaida mana cewa a kwanakinsa na ƙarshe yakan yi gyangyaɗi da rana, ya farka fuskarsa a sake, ya ce ya je sito. Wai duk mun dawo samari, har waɗanda suka riga mu, mun yi layi a bakin tagarsa, kowa yana mirgino duronsa a hankali ba ƙara, yana kiran suna ana amsawa. Sai dai a ƙarshen layin kullum akwai wasu yara riƙe da kofuna, ba ya ganin fuskokinsu. Ya ce da ita, "Hajiya, har yanzu suna sha, ni kuma ga ni kwance."

A madadin mai girma Shugaba, da Majalisar Dattawa, da dukan mambobi na kusa da na nesa, ƙungiya tana miƙa ta'aziyya ga uwargidan marigayin, da 'ya'yansa shida, da jikokinsa, tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙansa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya shayar da shi daga ruwan da babu cuta a cikinsa, Ya kuma ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi. Ƙungiya ba za ta daina neman a duba lafiyar duk wanda ya yi aiki a garejin nan ba, shi da iyalinsa.

Nan ne iyakar abin da Majalisa ta amince a fitar. Sauran nawa ne, a hukunta ni a kansa in an ga dama.

Hajiya, babu wani direba. Ni ne mai duro na arba'in da uku. Yana nan a kife a bayan ɗakina, shekara goma sha ɗaya ba wanda ya sha ɗigo daga cikinsa, tun ranar da muka binne uwar 'ya'yana da irin ciwon maigidanki. Da Baba ya zo karɓa, na ga in na miƙa shi na yarda ke nan cewa ni na mirgino mata ajalinta har ƙofar kicin ina murna. Na kasa, sai na ƙirƙiro mutum, na ba shi mota da yara. Sau da yawa na yi niyyar gaya masa, kunya tana ce mini sai gobe. Na bar dattijo yana bin tasha da kumburarriyar ƙafa, ya tafi kabari da tausayin yaran da ba a taɓa haifa ba.

Gobe da safe zan kawo duron ƙofar gidanki kafin in kai shi inda sauran suke, ki gan shi da idonki, ki ƙirga arba'in da uku a madadinsa. Ban isa in ce ki yafe mini ba, wanda zan roƙa ya riga ya tafi.

Sa hannu:
Kofur mai ritaya, wanda aka fi sani da Ɗan Alƙalami,
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Sashen Gyaran Injuna.