Yadda Muka Kwantar da Iya Frosina a Babban Ɗaki

Nukareni, Moldoba

Kakata, ƙawata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ki gaida Mama da matan zumunta.

Mun iso! Ke da kika ce kafin mako ya zagayo zan yi kuka in nemi hanyar Timishwara, to ga ni daram, har na iya jan ruwa a rijiya. Fasto Samuil ya raba mu, matasan cocinmu, gidajen tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani suka bari. Ni da Lidiya da Beniamin muka faɗa hannun Iya Frosina.

Kaka, sai kin gan ta! 'Yar mitsitsiya, tana kwance tun da ƙugunta ya karye a hunturu, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau. 'Yar cocin Otodoks ce ta gidi, mu kuwa tubabbu suke ce mana a nan. Muna shiga ta ce, "Ku ne tubabbun da ake faɗa? To ku fara tuban da tukwanena." Muka kwashe da dariya, nan take na ji ina ƙaunarta.

Ɗanta ɗaya ne, Grigore, yana aikin gini a Italiya ba takardu. In ya fito, ba shi ba komawa, shi ya sa shekara da shekaru bai zo ba. Sai dai ya aiko kaya a mota. Ta ce, "Taliya yake aiko mini, taliya kuwa ba ta cewa Inna." Ba abin da take roƙon Allah sai ta gan shi kafin ta mutu. Ni ma na sa shi a addu'a, ke ma ki sa.

Yanzu ga babban labari. A wani ɗan lungu take kwana kusa da murhu, rufin yana yoyo. Alhali ga babban ɗaki can, fes, da dardumai a bango da matasai jibge har sama, ba mai kwana ciki! Gobe za mu mayar da ita can. Na samo wani farin zane sabo fil a akwatinta, mai aikin hannu, da shi zan lulluɓe ta. Madubin ɗakin ma mun rufe shi saboda za mu shafa farar ƙasa. Da na gaya mata, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ku yi yadda kuka gani." Ina ganin murna ce ta hana ta magana.

Ki ci abinci, kar ki tsaya ga shayi.

Jikarki,
Tabita

*

Timishwara

Tabita,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ƙafa da sauƙi, har sai da na karanta takardarki.

Ke 'yar nan, kun haukace ne? Duk cikinku ba wanda ya taɓa kwana a ƙauye? Babban ɗaki ba na barci ba ne. Na biki ne, da baƙin Ista, da kuma ranar da za a shimfiɗe mutum a zo a yi ban kwana da shi. Farin zanen nan kayan mutuwarta ne, kowace tsohuwa a can tana da nata a akwati. Madubi kuwa sai an yi rasuwa ake rufe shi. Ku fitar da ita tun kafin wani ya leƙa!

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mace mai baki irin wannan ta yi muku shiru.

Allah ya tsare ki, ya tsare mutane daga taimakonki.

Kakarki,
Saveta

*

Nukareni

Kakata,

Ina gaishe ki da kyau. Takardarki ta iso bayan aikin gama ya gama. Ki zauna tukuna kafin ki karanta.

Mun kwantar da ita, ta sha magani, barci ya ɗauke ta a rigingine, hannuwa a ƙirji. Muka bar ƙofar gida a wangale muka zagaya baya kwaɓa farar ƙasa. Ashe maƙwabciyarta Iya Dokiya ta shigo da fanke mai cuku, ta leƙa ta taga, ta yar da kwano. Daga nan sai gidan waya, ta sa aka buga waya Italiya, ta biya ta gaya wa mai kaɗa ƙararrawar coci.

Mu kuwa muna jin ƙararrawa, Beniamin ya cire hula ya ce, "Allah sarki, an yi rashi a garin nan." Kaka, muka tsaya muka yi wa iyalan mamacin addu'a!

Sai ga mata da baƙaƙen ɗankwalaye da kyandir sun cika tsakar gida. Iya Dokiya ta durƙusa a bakin gado tana rera kuka, "Wayyo Frosina, wa kika bar ni da shi?" Iya Frosina ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Dokiya, ƙara murya, wannan ai bai kai wanda kika yi wa akuyarki ba." Zo ki ga gudu! Wata ta bar takalminta, har yau ba ta zo ɗauka ba.

Da ƙura ta lafa, Iya Dokiya ta dafe kai ta ce ai ta riga ta sanar da Grigore. Na zabura zan ruga gidan waya, Iya Frosina ta cafke mini hannu. Wai yunwa take ji. Na ba ta tuwon masara da cuku. Wai ƙafarta ta yi sanyi. Na mulmula mata. Wai in karanta mata Zabura, wadda ta fi tsawo. Da na ce bari Lidiya ta je, ta ce Lidiya ce za ta riƙe mata matashi. Kafin ta sake mu an rufe gidan waya. Washegari aka buga, mutanen can suka ce ya riga ya hau mota.

Jiya da hantsi ya iso. Dogo ne, ya yi furfura, da baƙar riga, da furen jana'iza a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can?" Furen ya faɗi. Ya zube a gwiwa ya kifa kai a jikinta yana ta kiran "Inna, Inna," tana shafa masa kai tana dariya tana hawaye. Duk muka yi kuka, har Fasto. Ban taɓa jin farin ciki irin wannan ba, kamar in tashi sama!

Amma da ya fito, ya harare mu. Fasto ya ba shi haƙuri, Grigore ya juya masa baya. Kaka, aikinsa ya tafi, hanyar komawa ta toshe, kuma da hannuna na shimfiɗa zanen nan. Rabin zuciyata yana murna, rabi yana tsoro. Na yi alheri ne ko na rusa mutum? Asabar za mu taso. Na bar masa adireshinmu.

Ki soya mini kaza, ki kuma ajiye faɗan sai na huta.

Taki,
Tabita

*

Nukareni

'Yar'uwa Tabita,

Ina gaishe ki, da kakarki, da Fastonku.

Na yi fushi da ke sosai. Yanzu na daina, don na gane ba ke ya kamata in yi wa ba. Inna ta gaya mini da bakinta cewa tun da kuka ambaci babban ɗaki ta san abin da zai biyo baya, kuma da gangan ta riƙe ki.

Ban koma ba, ba zan iya ba. Na gyara rufin, ina 'yan gine-gine a nan, wata rana a samu, wata rana babu.

Na tambaye ta me ya sa ta yi mini haka. Ta ce ta san dole wata rana zan zo in ga fuskarta in ta mutu, ita kuwa tawa take so ta gani.

Ku dawo baɗi. Tana gaishe ki.

Grigore