Mashin ɗin Baba ya tashi a makare

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Yaya ƙarin haƙurinmu?

Ga abin da na kasa faɗa maka a waya. Tun rasuwar Baba ba a taɓa mashin ɗinsa ba, dattawa sun ce sai an raba gado. Ranar da jikin Inna ya tsananta, kowa ya tafi kasuwar Wara. Na yi ta buga mashin ɗin don in kai ta asibitin Yelwa, ya ƙi tashi. Tsohon fetur ya toshe kafireto.

Tana kwance ta ce, "Ƙyale shi, Auta, hannun Babanku kaɗai ya sani."

Na kwance kafireton, na wanke. Da azahar ya tashi. Da shi na zaga sanar da jana'izarta.

Ku sa ta a addu'a. A gaida yara.

Ƙaninka,
Bello