Ana Sallama da Mamaci a Ƙofar Gidana

Zuwa ga Shugaban Ofishin Asusun Tallafa wa Jami'a,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka.

Yallaɓai, ba ka san ni ba. Kwamfutar da kuka kawo ofis ita ma ba ta san ni ba, ko da yake gidanmu ta san shi sarai. Ni tsohuwar malamar firamare ce, lissafi na koyar har na yi ritaya, ina zaune a Ƙofar Gayan cikin birnin Zariya. Na rubuto ta jarida ne don na zo ofishinku da ƙafata ban sami biyan buƙata ba, kuma ina zaton ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Ɗan farina ya yi karatun akanta a jami'arku. Da ya gama aka tura shi bautar ƙasa, a hanyar zuwa motarsu ta yi hatsari. Mutanen ƙauyen da abin ya faru suka yi musu sutura a ranar, Allah ya saka musu. Jakarsa kawai aka kawo mana. Bayan 'yan shekaru mahaifinsa ya bi shi. Ƙannensa mata suna gidajen aurensu, ɗaya a Gusau ɗaya a Jos, sauran dangi kuma sun yi gini a bayan ganuwa sun tashi. Ni ce kaɗai a sashenmu, wata rana sai in wuni ban yi magana da kowa ba sai kaji.

In kai ɗan ƙasar nan ne ka san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ban taɓa kiran nasa ba, yana raye ko bayan ransa. Ko ranar da ya dawo da takardar kammala karatu, mata na ta guɗa a tsakar gida, ni ina ɗaki ina tsintar shinkafa kamar ba ni na haife shi ba. Haka muka tashi, ban kuma zargi kowa ba. To, da aka buɗe asusunku aka ce za a sayi littattafai a gyara ɗakunan kwanan ɗalibai, sai na ga ƙofa ta buɗe mini. Na ce duk shekara zan ba da abin da ya sauwaƙa daga fanshona, da sunansa, ladan ya kai masa.

A lokacin kuna da wani ma'aikaci, Malam Garba, mai zuwa karɓar gudummawa gida gida a kan Vespa. Bayan ƙaramar Sallah yakan zo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya sha fura, ya ba ni labarin jami'a: wane ɗaki aka yi wa sabon rufi, wane malamin yaron ne ya zama farfesa. Shi zai rubuta sunan a rasit da hannunsa, bai taɓa sa ni na faɗa ba. Kafin ya tashi ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a. Ba na ɓoye maka, tun azumi nake fara sauraron ƙarar Vespar nan. Da ya yi ritaya ya koma garinsu, kuka ce yanzu kwamfuta ce za ta riƙe sunayen masu bayarwa, ta kuma nuna muku wanda ya kamata a nema. Daga nan kukana ya fara.

Na ɗaya. Da aka zuba tsofaffin rasitai a cikinta, sai ta ga suna, ta ga shekarar gama karatu, ta ga akanta ne, ta ga bai taɓa tsallake shekara ba. Ta haɗa waɗannan ta yanke cewa mutumin nan yanzu babba ne a wani banki ko kamfani. Wasiƙu suka fara zuwa ana taya shi murnar ci gaban da ya samu, ana gayyatarsa cin abinci da manyan baƙi, ana nuna masa cewa irinsa ya kamata ya ƙara hannu. A wajenku ya yi aure, ya sayi mota, har da ɗan tumbi na manyan ma'aikata. Ni malamar lissafi ce, ban ƙi lissafi ba, kuma ban ce kwamfutarku ta yi ƙarya a haɗawa ba. Abin da aka ba ta ne bai cika ba, kuma babu wanda ya tsaya ya duba amsar kafin a liƙa kan sarki.

Na biyu. Wataƙila kana ganin takarda ce kawai, in ba a so a jefar. Amma ka san yadda wasiƙa take shiga gida a cikin birni. Gidajenmu ba su da lamba, akwatin gidan waya na makarantar da na koyar aka rubuta muku, masinjan makarantar ne yake kawowa. Sabo ne, bai san labarin gidan ba. Namiji kuma ba ya wuce zaure. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce ana sallama da wane, ya kira sunan da ke bayan ambulan cikakke, har sau uku. Ranar farko ina alwalar la'asar na ji. Wallahi sai da na juya na dubi ɗakinsa, ina jiran ya ɗaga labule ya amsa. Butar ta faɗi daga hannuna. Na daɗe a zaune a wurin kafin na iya fita na karɓa, maƙwabta kuwa duk sun ji.

Na uku. Tun da Malam Garba ya tafi babu wanda ya sake zuwa karɓa, ni kuma ban san inda ake kaiwa ba, gwiwoyina ma ba sa son hawa mota. Shekarar ta wuce ban bayar ba. Sai ga wata wasiƙa da wani irin harshe daban. A cikinta an ce masa an lura ya yi shiru, an tuna masa cewa jami'a ce ta mai da shi abin da ya zama, an ce ana fata ba zai shiga sahun waɗanda suka manta da makarantarsu ba. Yallaɓai, wannan ita ce ta hana ni barci. Yaron da yake kwance a wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba, wanda ko albashin wata ɗaya bai karɓa ba, shi ake wa gorin butulci. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na huɗu. Na daure na shiga tasi na zo ofishinku. Saurayin da na tarar a gaban kwamfuta ya gaishe ni da ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya tambaye ni sunan mai bayarwa, mutane na zaune, sai na ɗora yatsa a kan ambulan na nuna masa. Ya duba ya yi mini bayanin yadda kwamfutar take kasa mutane gida gida: manyan masu bayarwa, masu alamar ƙaruwa, da waɗanda suka juya baya. Ɗana ya sauko daga na biyu zuwa na uku. Na ce ya rasu. Ya ce sai da takardar shaidar mutuwa za ta yarda. Wa zai ba ni takarda a kan gawar da ban gani ba? Na ce to a sa sunana, ni ce mai bayarwa. Ya duba ya sake dubawa, ya ce babu gurbin mai bayarwa a madadin wani, kuma ni ba tsohuwar ɗaliba ba ce. Na yi godiya na fito. Ban taɓa jin kaɗaici irin na hanyar dawowata ranar ba.

Saboda haka ga roƙona. Ku cire shi daga cikin rayayyu, ku karɓi shaidar mai unguwarmu da limamin masallacinmu, su sun san ranar da aka kawo jakar. Ku sa a buɗe gurbi a kwamfutar don masu bayarwa da sunan mamatansu, domin a birnin nan muna da yawa, iyaye da matan da mazansu suka rasu. Kuma kafin ku aika wa kowa wasiƙar da za ta ce ya manta, a sami mutum mai rai ya je ya tambaya ko lafiya.

Roƙo na ƙarshe shi ne ya fi yi mini nauyi. Na san in kuka gyara, wasiƙun za su tsaya. Duk ciwon da suke sa ni, su ne kaɗai abin da ya rage yana zuwa gidan nan saboda shi. Na yi ta juya wannan kafin na ɗauki biro, har na so in bar ku cikin kuskurenku. Amma ba zan sayi sallama da mutuncinsa ba. Ku goge shi daga sahun butulai, ko da hakan na nufin ba za a sake ambatonsa a ƙofata ba. In kuna da wanda za ku iya turowa sau ɗaya a shekara, kuɗin bara da na bana suna nan a ajiye, kuma kowane lokaci ya zo zai same ni, ba inda nake zuwa.

Allah ya yi maka jagora a aikinka, ya albarkaci jami'a da ɗalibanta, ya raya maka naka 'ya'yan, ya sa su ne za su yi maka addu'a ba kai za ka yi musu ba.

Wassalam.

Mahaifiyar wani tsohon ɗalibinku,
Ƙofar Gayan, Zariya.