Shaidar Onesimo a Kan Iyakar Gandunmu

Monterey, 9 ga Maris, 1868

Ƙanena Eusebiyo,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Rufina da yara? Ni dai gwiwoyin nan sun ƙi ni.

Shekara goma sha shida ke nan ina jeka-ka-dawo a kotun Amurkawa. Yanzu sun yarda takardar da gwamnan Sifen ya ba kakanmu ta gaskiya ce, amma wai sai mun nuna iyakar gandun. Takardar ta ce daga babbar bishiya zuwa rafi. Ka san Baba ya sare bishiyar ya yi ƙofar coci, rafin kuma ya sake hanya tun ambaliya. Lauya ya ce a nemo wanda ya ga ranar da aka ja igiya aka auna gandun. Saura mutum ɗaya, tsoho Onesimo, makiyayinmu ɗan asalin ƙasar nan. Zan kai shi.

Na gaji, Eusebiyo.

Yayarka,
Prudensiya

Monterey, 2 ga Yuni, 1868

Ƙanena,

Ina fata kuna lafiya. Mun ci shari'a.

A kan alfadari muka kai Onesimo. Bai yi wata-wata ba, ya kai masu awon kotu har gindin kututturen bishiyar cikin ciyawa. Ɗayansu ya ce, “Tsoho, shekara saba'in fa. Ko dai koya maka aka yi?”

Ya ce, “Yaro, nan bukkar uwata take. Ranar da kakan matar nan ya ja igiya aka ce mu kwashe mu koma ƙetaren rafi. Ni na ɗauki tukunya.”

Suka rubuta, aka karɓa.

A hanyar gida na ce, “Baba Onesimo, ka goya ni, ka goya Eusebiyo, ba ka taɓa faɗa ba?”

Ya ce, “Uwar gida, wa ya tambaye ni?”

Kwana uku abin na cina. Na je na ce zan yanka masa wurin, in sa lauya ya rubuta da sunansa. Ya yi dariya har da tari. “Ke za ki ba ni takardar ɗakin uwata? Bar shi. In na mutu dai ku sa ni can, kada ku kai ni bayan coci.”

Bai daɗe ba ya rasu. Ranar Lahadi muka sa shi can. Fada, limamin cocinmu, ya yi ta faɗa.

Rabonka yana nan in kana so. Ni ba zan ƙara taka kotu ba.

A gaida Rufina.

Yayarka,
Prudensiya