Jar Safar Madam Lin

Talata, 10 ga Fabrairu 2026

Kai da ka ɗauko littafin nan ba da izinina ba, amsa min: mutum ɗaya zai zama kunama kuma ya zama doki? Turawa sun ce burjina Kunama ne, don a Nuwamba aka haife ni. Madam Lin, tsohuwar da nake yi wa tsaron shagon fitilu a kasuwar Sinawa, ta ce a'a, ni Doki ne, haihuwar 2002. A daidaita ƙaryar tukuna!

Alhamis, 12

Ta ce ni za ta tura China wata mai zuwa in zaɓo kaya. Abin da na daɗe ina jira. Amma da sharaɗi. Wai shekarar Doki za ta shigo, kuma duk wanda shekararsa ta zagayo, masifa na farautarsa, sai ya sa jan abu a jiki. Ta miƙo min jar safa. Na ajiye mata a kan kantar shagon.

Na ce, "Madam, ni na yi karatu. Burujan Turawan ma sun goce daga inda aka lissafa su tun zamanin da, rana ba ta inda suke cewa. Naku kuwa dabbobi ne kawai aka jera." Ta ce, "Nasu, surutu yawa." Nasu take kirana, don sunana Nasrullahi ya fi ƙarfin bakinta.

Asabar, 14

Badaru, abokin ɗakina: "Kai dai Shehun taurari, sa safa ka hau jirgi, khalas! Wa zai leƙa takalminka?" Na ce Allah zai leƙa. Ya ce Allah ya san shi ma yana son tafiyar, kuma ko jar riga ce zai sa har da hula. Maras kunya.

Litinin, 16

Ban sa ba. Ba zan sa ba. Ta ba wa wanda ta ga dama tafiyar.

Talata, 17

Sabuwar shekararsu. Jajayen fitilu ko'ina, kamar gobara. Na je da shirin a ce an fasa da ni, har na tanadi baƙar maganar da zan mayar.

Ba ta ba ni dama ba. Ta ce, "Ka tafi. Ba safa, ba komai." Sai ta nuna min wuyan hannunta, jan zare biyu. Ashe ita ma Doki ce, shekararta saba'in da biyu. Ɗaya nata, ɗaya nawa. Wai za ta ɗauke min, ko da yake ba ta da tabbacin ana karɓar wakilci.

Na ci nasara ke nan. Hujja ta yi halinta.

Juma'a, 20

Taurari ba su san da zamana ba, ina nan kan bakana. Duwatsu ne da wuta.

Sanyin na'urar shagon nan ya yi yawa da safe, safata kuma duk sun huje. Shi ke nan dalilin da ya sa na sa jar safar. Ta kalli ƙafata, sai na ga ta kwance zare ɗaya, ta sauke ajiyar zuciya. Ashe da hannu ta saƙa ta. Tana ɗan ƙaiƙayi.

Badaru ya yi dariya har da tari, wai zai kai ƙarata wajen Malam Yacouba mai yi mana karatu bayan tarawihi. To, ya je ya kai! Amma ba a gefe ba, ba cikin raɗa ba. Ina so Malam ya tashi a gaban kowa ya faɗa min: wanda bai yarda da abu ba, ya sa shi don hankalin tsohuwa ya kwanta, me sunan laifinsa?