Inna, Asirin Kuɗin Cefane Ya Tonu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta ladabi, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda kika koya mini, ko da yake gwiwar hagu likita ya sa mata ƙarfe, sai dai ki yi haƙuri da ta dama. Daga gidanmu na Levenshulme nake rubuto miki, a Manchester ɗin nan da kika ƙi zuwa har Allah Ya karɓi ranki, wai ba za ki kwana a garin da rana ke jin kunyar fitowa ba. Yau ma ba ta fito ba.

Inna, haƙuri na zo ba ki. Amanar da kika damƙa mini shekara arba'in da suka wuce ta fashe. Ba ni na fasa ta ba, ofishin harajin ƙasar nan ne da 'yata Ummi, takwararki.

Kin tuna ranar da za mu baro Kano? Kika ja ni ɗaka, kika turo ƙofa, kika ce: "Abin da kika samu a can naki ne. Amma kada ki taɓa bari mijinki ya ji nasa bai isa ba. In ya miƙo kuɗin cefane, karɓi da hannu biyu, ki cika sauran, ki yi shiru."

Na riƙe, Inna. Surukinki Malam ya yi tuƙin tasi har bayansa ya ƙage, ni kuma na yi shekara ashirin da takwas ina kula da marasa lafiya a asibiti. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya zaro fam arba'in ya ce, "Ga na cefane, a yi maneji." Rabon da ya ƙara ko kwabo a kai tun Ummi tana sakandare. A lissafin Malam, kaza tana nan a farashinta na wancan zamani, tana jiran sa.

Abin bai tsaya a gida ba. Har cika baki yake wa abokansa a masallaci, wai matansu ne ba su iya tattali ba, tasa matar da fam arba'in take ciyar da gida mako guda, har da baƙi. Na sha harara a wuraren suna saboda maganar nan.

Sai muka yi ritaya, daidai lokacin da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Hukumar gari ta rufe ɗakin karatun da Malam ke zuwa duba jarida yana shan ɗumi kyauta. Komai ya yi tsada. Kuma a nan, Inna, ko fanshon tsoho sai an yanki haraji a ciki. Akwai wani adadi da ake bar wa kowa ba a taɓawa, abin da ya haura shi ake yanka. Ni nawa ya haura, don ina da fanshon gwamnati, ga na asibiti. Malam kuwa na gwamnati kaɗai gare shi, shi ma bai cika ba, saboda direban tasi ba ya tuna tsufa sai ya zo. Ni na san haka. Takarduna kuma a ƙasan akwatin zannuwa nake ɓoye su.

Wata Asabar sai ga Ummi daga Birmingham, akanta ce yanzu, tana zaune a Lozells da mijinta. Ko gyale ba ta cire ba ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci ta ce, "Akwai sabon allowance na married couples, rangwamen haraji ga ma'aurata. Wanda income ɗinsa ya yi ƙasa zai ba ɗayan wani ɓangare na rabonsa da ba a taɓawa, sai tax ya ragu. Fam ɗari biyu da 'yan kai ne a shekara, ba za mu bar musu ba."

Malam ya gyara hula ya ce, "Ni ba na cin na mace. Ta riƙe ɗan abinta."

Da an bar maganar a nan, da na tsira. Amma jikarki haihuwar Ingila ce, a wurinta takarda takarda ce kawai. Ashe ta riga ta hau sama ta tono nawa. Ta shimfiɗa su kusa da nasa kamar mai shanya barkono. Na taka ƙafarta a ƙarƙashin tebur, ta ɗago ta ce da ƙarfi, "Mama, kina taka ni fa." Sannan ta juya ta ce, "Baba, ai kai ne za ka ba Mama. Naka bai kai ba. Ba ka biyan tax at all."

Inna, na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya sa tabarau, ya karanta takardata sau biyu, ya juya bayanta ko akwai gyara. Can ya ce, "Wato gwamnatin da ta rufe mini library don babu kuɗi, ita ce ta dubi nawa ta ce, a'a Malam, riƙe abinka?" Ummi ta tuntsire da dariya. Ni ban yi ba.

Kwana shida yana ta sintiri a gida kamar baƙo. Juma'a ta zo, ya dawo masallaci, ya wuce ni ya hau sama, bai miƙo komai ba. Ba fam arba'in nake ji ba, Allah Ya sani. Tsoro na ji kada abin da na tsare masa shekara arba'in ya zube a yini ɗaya, in zauna da tsohon da yake ganin ba shi da amfani a gidansa. Na shiga kicin na yi kuka, na ɗora wa albasa laifi.

Washegari da hantsi ya sauko cikin babbar riga, ya kira Ummi a waya ya ce, "Buɗe kwamfutar nan. Abin da suka raina a wurina, a ba uwarki." Ya ajiye wayar, ya dube ni ya ce, "Ashe rashina ma yana da kasuwa."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Binta, ni direban tasi ne. Wa kike tsammani yake kwaso mata da ledojinsu daga kantunan nama na Stockport Road, suna mitar farashi har ƙofar gida? Na fi mai kaza sanin kuɗin kaza."

Na ce to cika bakin masallaci fa? Ya ce yabona yake yi, su ne ba su gane ba.

Daga nan ya faɗa mini abin da ya sa na ɗauki biro yau. Wai ranar da kika gama da ni a ɗaka, kin same shi a zaure, kika ce: "Za ta riƙa cikawa. Kada ka taɓa nuna ka sani."

Haba Inna! Shekara arba'in ina ɓoye wa mutum abin da yake ɓoye mini ya sani, ke kuma kin yi kwanciyarki kin bar mu muna ta wasan kwaikwayo, ba ɗan kallo ko ɗaya.

Na tambaye shi me ya hana shi miƙo na jiya. Ya sunkuyar da kai ya ce yana aljihunsa tun jiyan, bai dai sani ba ko har yanzu zan karɓa.

Na miƙa hannu biyu. Ya zaro fam arba'in ɗinsa ya ɗora, ya ce, "A yi maneji."

Na yi kewarki a lokacin, Inna, kewa mai zafi. Na so kina kan tabarmarki ki yi dariyar nan taki da kike rufe baki da gefen mayafi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya rufa miki asiri a gabansa kamar yadda kika rufa wa gidana. Inda aikinki ya gaza, Ya cika miki da rahamarSa, ba tare da Ya nuna wa kowa ba. Amin.

'Yarki mai hannu biyu,
Binta