Na Ce wa Duba-Gari Masallaci Ne

Na yi wa duba-gari ƙarya, mutum ya nakasa. Maganar ke nan.

Assalamu alaikum. Mai shafi, ka ɓoye sunana. Masu karatu, mai wa'azi ya riƙe abinsa, shawara na zo nema. Wanda bai taɓa kwana a tashar jirgin ƙasa cikin ƙanƙara ba, kada ya zage ni.

Ni mutumin Maradi ne, hula da tabarau nake sayarwa a bakin titi. Mu tara muke kwana a ɗakin ƙarƙashin wani bene kusa da babban titin Grand Concourse a nan ƙasar Turawa, wuri ɗaya da tukunyar da ke ɗumama gidan. Doka ta hana kwana a wurin, mun sani. Na fi kowa daɗewa, don haka Babba suke ce min. Muna da tsari: in sufa, wato mai kula da benen, ya ce duba-gari na tafe, sai mu naɗe katifu mu ɓoye, mu shimfiɗa dardumai sahu-sahu, mu jera butoci a bakin ƙofa. Ɗaki ya zama masallaci. Sau uku muna tsira da haka.

A na huɗu mace ce ta zo. Ta daɗe tana haska bututun hayaƙin tukunyar da tocila, ta nuna min inda ya tsage. Ta ce iskar da ke fita nan ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Akwai mai kwana a nan? In akwai, yau za ku fita. In babu, zan ba mai gida wa'adi ya gyara." Na ce babu. Ta sake tambaya. Na nuna dardumai na ce salla kawai. Matar nan sai da ta cire takalmi kafin ta taka dardumar. Ta rubuta, ta tafi. 'Yan ɗaki suka yi ta dariya suna "Babba ka iya!" Na sha shayina, na ji daɗi. To ina za mu je a tsakiyar hunturu? Gidan wa? Naku?

Mai gida bai gyara ba. Bayan mako biyu na dawo da la'asar na tarar da Baba Idi a kwance. Dattijo ne ɗan Kumasi, direban tasi, da rana yake barci, kuma shimfiɗarsa ta fi ta kowa kusa da tukunya. Na girgiza shi, bai motsa ba. Aka kai shi asibiti, ya rayu. Amma yanzu ba ya gane mutane, Fatiha ma sai an ja masa.

'Yarsa ta tare ni a asibiti. Haifaffiyar nan ce, Hausarta a karye. Ta ce, "Kawu, mai gida ya ce babana ba ya kwana can, wai salla ya shiga yi. Ya ce takardar hukuma ta nuna. Wa ya faɗa wa matar haka?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Shekara shida kuna cin kwano ɗaya, ba ka sani ba?" Na sunkuyar da kai kamar ɓarawo.

Sufa ya naɗe bututun da salatif ya ce an gyara. Ranar Litinin matar za ta dawo. Jiya Sani, ɗan Damagaram da muke kwana tare, ya tare ni a matakala ya ce, "Babba, ka buɗe baki mu takwas ka zubar a titi. Biyar ba su da takardar zama. Na Baba Idi ya riga ya faru, ƙaddara ce." Na ce, "Ƙaddara ce ta shimfiɗa dardumai?" Ya ce, "Kai aka tambaya, kai ka amsa. Kada ka shafa mana." Na shaƙe wuyan rigarsa, sai da aka raba mu.

In na faɗi gaskiya, na tona asirinmu mu takwas. In na sake cewa masallaci ne, wa zai bi Baba Idi? Na ƙetare Sahara, na binne abokan tafiya da hannuna, ban taɓa jin kunyar kaina ba sai yanzu.

Ba wanda ya yarda ya koma shimfiɗar Baba Idi, sai na koma. A nan nake kwana, kaina a gindin bututun. Saura kwana uku. Me zan yi?